Geron da Aka Liƙe a Randa

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ake kira Tudun Ranau. Shi ne mai tsaron randar garin. Aikin nan gadonsa ya yi daga mahaifinsa, ba shi ya nema ba, kuma da an tambaye shi tun fari, da ya ce a ba wani.

Shi Ranau ɗin da aka sa wa tudun sunansa, wani bawan Allah ne da ya sauka a wurin tun yana daji. Ya zo da sanda, da fartanya, da 'yar jakar iri. Ya sare, ya yi bukka, ya yi gona, mutane suka riƙa zuwa suna zama kusa da shi, gama mutum ne mai addu'a, mai jinƙai, ba a kuwa taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Yana da wata al'ada guda. Kowace damina, da gero ya fara fid da kai, sai ya shiga gonarsa da sassafe da ɗaurin kaba a hammata, yana bin kunya kunya. Duk zangarniyar da ta riga 'yan'uwanta nuna, sai ya ɗaura mata kaba a wuya. Ran girbi ya yanke masu kabar daban. Ba a ci, ba a sayarwa, su ne irin baɗi. Shekara arba'in yana wannan zaɓe, har geronsa ya zama yana nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Zangarniyarsa gajera ce, ba ta cika ido, amma ko damina ta yi rowa sai ta kai. Duk wanda ya zo neman iri kuwa sai ya cika masa tafi biyu, ya yi masa addu'a, ya sallame shi.

Da kwanakinsa suka cika, Baba Ranau ya huta. Garin ya yi kuka na gaskiya, ba na ganin ido ba. Da aka shiga ɗakinsa sai aka tarar da irin shekarar, wajen mudu goma, an riga an sussuke an sheƙe. Dattawa suka ce wannan shi ne na ƙarshe da hannunsa ya taɓa, bai kamata a watsar da shi a ƙasa kamar kowane hatsi ba. Suka gauraya shi da toka don kada ƙwari su ci, suka zuba a sabuwar randa, suka liƙe bakin da yumɓu. Suka gina wa randar ɗaki, suka sa ƙofa da makulli, suka naɗa mai tsaro. Tun daga ran nan aka fara ce wa wurin Tudun Ranau.

Sai shekarun ruwa suka biyo baya. Mutane suka ga geron kasuwa mai doguwar zangarniya ya fi cika rumbu, suka koma shuka shi. Ɗan abin da ya rage na geron Baba a gonaki ya gauraye da sauran, ba mai bin kunya da sassafe, ba mai zaɓe, har ya ɓace ba wanda ya lura da ranar da ya ɓace. Hankalinsu a kwance yake. In wani ya ta da maganar sai a ce masa, ai na ainihin yana cikin randa.

Kabar dai ba su manta da ita ba. Kowace kaka akan yi bikin tunawa da Baba, baƙi su zo daga garuruwa na kusa da na nesa, kowa da kabarsa a hannu. A ɗaura a ƙofar ɗakin randa, a ɗaura a jikin tsamiyar da ke bakin ɗakin, mata su ɗaura wa jarirai a wuyan hannu. Ko'ina an ɗaura kaba a garin nan, ban da gona. Labaran Baba kuma sai ƙaruwa suke yi kowace shekara. Wai kura ta taɓa raka shi gida. Wai ya yi addu'a ruwa ya sauka a gonarsa kaɗai, ya tsaya daidai kan iyaka. Wai wani lotsi da ke kan dutsen bayan gari sawun gwiwarsa ne, alhali tsofaffin matan garin sun san a nan iyayensu mata suke niƙa. Waɗanda ba su taɓa ganinsa ba su suka fi kowa sanin waɗannan labarai.

Manomin nan shi ya ɗauki nauyin duk wannan, shekara goma sha biyu bayan rasuwar mahaifinsa. Shi ke share ɗakin. Shi ke gyara jinka kafin ruwa, ya sake shafe bakin randa in yumɓun ya tsage. In baƙi sun zo a gidansa suke sauka, daga rumbunsa ake dafa musu, matarsa ta wuni a bakin murhu har hayaƙi ya jajanta mata ido. Yana ƙaunar Baba, gama ya san shi yana saurayi, ya ci tuwo a ƙwarya ɗaya da shi. Amma ya gaji. Ya gaji da shara, ya gaji da baƙi, ya gaji da gyaɗa kai in ana ba da labarin kura. Bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

A shekara ta ashirin bayan liƙe randar, damina ta yi gardama. Ruwan fari ya sauka, aka yi shuka, tsiro ya fito, sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi. Bayan mako uku aka sake samun yayyafi, aka sake shuka, wannan ma ya bi na farko. Sa'ad da ruwa ya dawo sosai, lokaci ya riga ya ƙure. Kowane manomi ya san abin da ya rage na damina bai wuce wata biyu da rabi ba, geron kasuwa kuwa ba ya nuna a haka. Irin manomin ma ya ƙare, rumbunsa saura kaɗan a ƙasa, ga 'ya'ya biyar.

Da safe matarsa ta same shi zaune a ƙofar gida, ta ce, “Maigida, makullin nan da ke wuyanka, na ado ne?”

Ya ce, “Kin san ba ni kaɗai ke da randar ba.”

Ta ce, “Na sani. Amma yaran nan kai kaɗai ke da su.”

Sai ya tashi ya tafi wurin babban dattijon garin, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, geron da ke cikin randa yana nuna a wata biyu. Saboda irin wannan shekara aka yi shi. A ba da izini a buɗe, a raba wa gidaje, kowa ya shuka.”

Dattijon ya ce, “Ɗana, na ji ka. Yunwar da kake tsoro ni ma ina tsoronta. Amma in muka buɗe, me za mu nuna wa baƙi da kaka? Garin nan da randar nan aka san shi. A yi haƙuri, Allah zai kawo wata hanya.”

Manomin ya koma gida. Ya yi kwana biyu yana jiran wata hanyar, ruwa yana ta zuba a gonar da ba kome a cikinta. A rana ta uku, da hantsi, mutane suna gani, ya buɗe ɗakin ya sa ƙotar fartanya ya fasa yumɓun.

Geron yana nan lafiya lau. Ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba, tokar ta yi aikinta. Da ya sheƙe shi a faifai sai ga ƙwaya cikakkiya, mai kyan gani, kamar jiya aka zuba. Ya yi shela duk mai so ya zo ya ɗiba. Ba wanda ya zo, gama suna tsoron dattawa, waɗansu kuma suna tsoron randar kanta. Sai ya ɗauki sungumi, yana sara, matarsa da yara suna binsa suna zubawa suna takewa, har suka shuke gonar kaf. A ranar ya koma gida da sauƙin zuciya irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Gero ba ya daɗewa a ƙasa in akwai laima. Kwana uku, huɗu, ya kamata a ga ya ɓullo. Ya je ran na huɗu, bai ga kome ba. Ya je ran na shida, sai ciyawa. Ran na bakwai ya durƙusa ya tona rami ɗaya da yatsa, ya tarar ƙwayoyin sun jiƙe sun ruɓe, ya murza ɗaya ta narke a hannunsa. Ya tona na biyu, ya tona na goma, duk haka. Irin ya mutu tun da daɗewa a cikin randa, jikinsa ne kawai bai nuna ba. Wane lokaci ya mutu, a shekara ta biyar ko ta goma, ba wanda zai iya faɗa. Wataƙila ranar ma ana ta kiɗa a ƙofar ɗakin.

Ya zauna a kan kunya, ko kuka bai iya yi ba. Shekara goma sha biyu yana share wa gawa ɗaki, wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai, fiye da yunwar da ke tafe.

Da zai tashi sai ya hangi wani ɗan kore a gefen gona, wanda ba ciyawa ba. Ya bi gonar duka a hankali, kunya bayan kunya, rana tana dukansa. A cikin mudu goma, tsiro tara ne suka fito.

Tsiro tara ba sa ciyar da gida. Ya san haka, matarsa ma ta sani. Duk da haka ya kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. In sama ta yi kwana huɗu ba ruwa sai ya ɗauki tulu zuwa rafi. Ya sayar da awakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa tafiya ƙodago garuruwan fadama, yana dawowa da mudun dawa a ƙarshen mako, gidan ya rayu a kan tafasa da rama. Yaran suka rame, matarsa ta rage magana. A gari kuwa ba mai amsa gaisuwarsa da fara'a. Suna cewa ai ga shi nan, ya taɓa abin da ba a taɓawa, shi ya sa irin ya ƙi fita.

Ruwa ya ɗauke da wuri kamar yadda aka zata. Duk wanda ya yi kasadar shuka geron kasuwa sai kara ya samu. Amma tsiron nan suka fid da kai, suka yi bununi, suka cika, a wata biyu da 'yan kwanaki. Tsuntsaye suka cinye biyu. Ya yanke bakwai ya kawo gida a cikin rigarsa. Yara suka kewaye shi suna roƙon a gasa musu tumu ko da guda, uwarsu ta kore su, sa'an nan ta juya musu baya tana share ido da bakin zane.

Kashegari dattawa suka zo. Aka shimfiɗa musu tabarma, babbansu ya ce, “Ɗana, abin da ya wuce ya wuce, ba mu zo faɗa ba. Biki ya kusa. Za mu sayo gero a kasuwa mu cika randar, mu sussuke waɗannan bakwai mu zuba a sama, mu liƙe. Irin na Baba ne, ba ƙarya a ciki. Kai kuma ka riƙe makullinka, a daina maganarka a gari.”

Ku ji, maganar nan ta shiga ransa. Ba don makullin ba. Ya gaji da zama bare a garin da aka haife shi, ya gaji da a gan shi a kau da kai. In ya miƙa zangarniyun nan, shi ke nan, kowa ya huta. Har ya kai hannu gare su. Sai ya tsaya ya ce, “Baba, in mun liƙe, yaushe za a buɗe?”

Dattijon ya ce, “Ba za a ƙara buɗewa ba. Ai mun ga abin da buɗewa ta jawo.”

Manomin ya janye hannunsa ya ce, “To, ku gafarce ni, iyayena. Ba zan bayar ba.” Ya cire makullin daga wuyansa ya ajiye a kan tabarma.

Suka ɗauka suka tafi. Suka cika randar da geron kasuwa, suka liƙe, suka naɗa wani mai tsaro. Bikin shekarar ya yi armashi duk da yunwa, baƙi suka ɗaura kabarsu suka koma gida da murna.

Shi kuwa da damina ta zagayo sai ya shuka irin zangarniyun nan bakwai a bayan gidansa, nesa da geron kowa. Ya bi su da sassafe, ya zaɓi masu riga nuna. A shekara ta uku ya sami abin da zai cika wa wani tafi biyu. Mutanen garinsa ba su karɓa ba, sai na ƙauyukan ƙetaren rafi, waɗanda ba su san Ranau ba, ba su kuwa damu su sani ba. Suna ce wa geron ɗan sauri, suna ci suna ƙoshi a shekarun da damina ta gaza. Manomin ya tsufa ya mutu, a garinsa ba a tuna shi da kome sai cewa shi ne wanda ya fasa randa. Har yau ana zuwa Tudun Ranau da kaka, a durƙusa a gaban geron kasuwa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin, in ma akwai wanda bai riga ya gane ba.

Baba Ranau shi ne kowane ɗaya daga cikin tsarkakan nan da Ubangiji ya aiko a gabanmu, maza da mata, waɗanda muka sa wa majami'u da unguwanni da 'ya'yanmu sunayensu. Geron shi ne abin da suka yi da ransu: addu'arsu, jinƙansu, aikin da suka tashi da sassafe suka yi shekara da shekaru ba mai tafa musu. Randar kuwa ita ce duk inda muka ajiye wannan aiki don kada ya lalace, hoto ne, ko biki, ko labari mai daɗin ji. Abin baƙin ciki shi ne, irin wannan gado ba ya ajiyuwa. In ba a mayar da shi ƙasa kowace shekara ba, mutuwa yake yi, kuma yakan mutu da kyansa, ka duba ka ga kamar yana nan.

Kada wani ya fita ya ce na hana tunawa da magabata. Ban hana ba. Mutanen Tudun Ranau ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa suka liƙe randar, wannan ne ma ya sa misalin yake ba ni tsoro. Sun ga bawan Allah yana ɗaura kaba, suka kwaikwayi ɗaurin suka bar dalilinsa.

Bari in zo gida. Majami'ar nan da muke ciki, Malam Dogara mai bishara ne ya kafa ta, sunansa ne a rubuce a bakin hanya. Tsofaffin cikinku sun san abin da yake yi kowace Laraba da yamma: yakan tara manya, maza da mata, waɗanda ba su sami zuwa makaranta ba, ya koya musu karatu baƙi baƙi, don kowa ya karanta Maganar Allah da idonsa. Uwata a wurinsa ta koya, tana da jikoki. Yau kekensa yana rataye a ofishin fasto, an shafa masa fenti, ba mai hawa. Ajin Laraba kuwa an rufe shi shekara goma sha ɗaya ke nan, wai sai an sami wanda ya dace. A watan nan na zauna taron kwamiti sau huɗu a kan atamfar bikin tunawa da shi, ko hotonsa zai zauna a tsakiya ko a gefe, ko shuɗi ko kore. Har mutum biyu suka daina gaisawa a kan launi. Na gaji, 'yan'uwa, gaskiya nake faɗa muku, kuma ban cire kaina daga laifin ba, gama ni ma na ɗaga hannu na zaɓi kore.

Makon jiya, bayan sujada, wata uwa daga cikin zumuntar mata ta tsaya ta jira kowa ya watse. Ta miƙo mini takardar da aka ba ta a asibiti, ta ce in karanta mata, tana jin kunyar 'ya'yanta su san abin da ke ciki. Na karanta mata. Muna tsaye ne daidai ƙarƙashin hoton Malam Dogara, ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

Manomin misalin nan bai sami godiya ba, ban kuwa yi muku alkawarin ku za ku samu ba. Mai yiwuwa in kun buɗe abin da aka bar muku, ku tarar mafi yawansa ya mutu. Wannan ba dalilin sake liƙewa ba ne. Abin da ya rage da rai, ko tsiro nawa ne, yanzu ne za a iya cetonsa, baɗi ban sani ba.

Ran Laraba da ƙarfe huɗu zan buɗe ɗakin ajin. Na share shi jiya, allon yana nan, na sayo alli. Ni ba gwanin koyarwa ba ne kamar Malam, idona ma ya fara ba ni wahala, ina bukatar mutum biyu ko uku masu haƙuri su zauna kusa da tsofaffi su riƙe musu hannu. In kun zo, mu fara. In ba wanda ya zo, zan zauna har ƙarfe biyar in rufe, in sake dawowa wata Larabar.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.